Ɗanye da Dafaffe a Ƙasar Gwantu

Duk direban da ya saba bin hanyar Akwanga zuwa Jos ya san Gwantu da abin da ake miƙo masa ta taga. Da bazara mangwaro ne a kwanduna da robobi, da damina gauta da masara da sabuwar gyaɗa, idan kaka ta yi sai lemo da rake, ayaba kuwa kusan ba ta yankewa. Matafiyi yakan saya ya wuce, yana zaton haka garin yake tun fil'azal. Alhali yawancin abin da ke cikin kwandunan nan baƙi ne a ƙasar Sanga, inda Gwantu take. Abin da mutanen da suka riƙa tsinka suna ci ɗanye, wanda ya riƙe su shekaru aru-aru, da wuya ka gan shi a bakin titi yau.

Na koyar da aikin gona a makarantun wannan yanki har na yi ritaya, kuma ban taɓa tunanin zan rubuta tarihin abinci ba sai da wata sabuwar koyarwa ta fara shigo mana ta bakin 'ya'yanmu da ke aiki a birane. Koyarwar ta ce a bar nama, a bar madara da ƙwai, a kuma bar duk abin da ya taɓa wuta, a rayu a kan ganye da 'ya'yan itace da ƙwaya ɗanyu kawai. 'Yar ƙanena ta zo hutun Kirsimeti daga Abuja da wannan aƙida, ta ƙi tuwo, ta ƙi fate. Da na tambaye ta dalili sai ta ce, "Baba, ai haka kakanninmu suka rayu, shi ya sa ba su san hawan jini da ciwon suga ba." Abin da mutum zai sa a bakinsa nasa ne. Amma maganar kakanni magana ce ta tarihi, tarihin kuma yana nan, wani a ƙarƙashin ƙasa, wani a kawunan tsofaffin da suka rage mana.

Mu fara da na ƙarƙashin ƙasa, domin Allah ya ba kudancin Kaduna abin da wurare da yawa ba su samu ba. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na yumɓu a ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba. A 1943 aka kai wa wani masanin kayan tarihi mai suna Bernard Fagg a Jos wani kan da aka samu a wajajen Jama'a, wanda mai shi ya kafa a gonarsa ta doya don korar ɓarna. Fagg ya lura hannu iri ɗaya ne ya gina su, daga nan duniya ta san da al'ummar Nok, wadda ta fara zama a wannan yanki tun kimanin shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa. An daɗe ana kallon gumakan kawai. Sai daga 2005, da masana daga jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus suka fara tono tare da hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya, aka mai da hankali kan abin da mutanen suka ci. Ƙasarmu tana cinye ƙashi, don haka ba a samu ƙasusuwan dabbobi ba, amma ƙwayar da ta ƙone ta zama gawayi ba ta ruɓewa. An samu gero, an samu wake, an samu ƙwallon atili da 'ya'yan tafashiya. Daga baya masana a jami'ar Bristol ta Ingila suka binciki maiƙon da ya shige cikin jikin fasassun tukwane fiye da 450. A 2021 suka ba da labarin sun gano kakin zuma a cikin wasunsu, a 2022 kuma suka nuna cewa an dafa ganye a cikin wasu, kuma suna kyautata zaton irin su lalo da ganyen wake da na gauta ne.

Ranar da na karanta wannan na daɗe ina jinjina shi. Gero, wake, atili, zuma, miyar ganye: ai kusan abin da kakata ta ciyar da mu ke nan. Ƙasar da suka noma ita muke nomawa, kuma shaida mafi tsufa da ƙasar nan ta ajiye game da ganye ta fito ne daga cikin tukunyar da aka ɗora a murhu. Tuwo da miya sun girmi duk wata masarauta da muka sani, sun girmi Zazzau, sun girmi Jama'a.

To amma 'yar tawa ba ta yi ƙarya gaba ɗaya ba, kuma a nan nake so in daɗe. Ɗanyen abu ba ya barin tabo a tukunya, don haka sai a koma ga tsofaffi da abin da idona ya gani. A yarintata, yaron ƙauye a nan yakan ci dafaffen abinci sau biyu, ɗumame da safe, tuwo da dare. Tsakanin nan duk daji ne ke ciyar da shi, kuma daji yana da kalandarsa. Idan zafi ya tsananta wajen Maris da Afrilu, ɗorawa ta nuna. Mukan ɓare ta mu tsotse garin nan rawaya har leɓe ya rine, ko a dama shi da ruwa a sha, kalwar kuma a kai wa mata. Da ruwa ya sauka sai kaɗanya ta fara zuba, mu ci naman nan mai zaƙi, mu tara ƙwallon a ƙwarya, domin wanda ya ci ya yar da ƙwallo zai sha faɗa. Akwai tsada mai tsami, da gwandar daji, da ciwo da ke hawa bishiyoyi a kurmin bakin rafi, wanda sai mai ƙarfin hali ke cimma masa. Can cikin damina zuwa kaka ɗinya ta yi baƙi, haƙoran kowane yaro sun shaida. Da rani ga taura da kanya da tsamiya. A gona kuwa akwai gauta, wadda manomi ke tsinka ya goge a riga ya ci yana tsaye, da rizga da ake iya ci ɗanya, da aya. Babu wanda ya kira wannan abinci. Idan ka ce wa kakata ka ci abinci alhali ɗinya ka sha, dariya za ta yi ta ce ka zauna ga tuwo. Amma idan aka lissafa, yaron wancan lokaci yana cin ɗanyen abu iri-iri a shekara fiye da yadda ɗan mai kuɗin birni ke ci yau. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana. A lokacin ɗorawa ko kaɗanya, mu kafin azahar mun wuce wannan.

Abin da tsofaffi suka mallaka, wanda nake ganin shi ne ainihin gadon, shi ne sanin iyaka. Sun raba tsirrai gida-gida, kuma ba a rubuce ba. Akwai abin da ake ci daga reshe. Akwai wanda sai an jiƙa: atili, alal misali, ba a cizonsa yadda ya faɗo, sai an zuba shi a ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, an rufe, har ya yi laushi, idan ruwan ya yi zafi da yawa sai ya ƙanƙame ya ƙi ciyuwa. Duk yarinyar da ta taso a gidan da ke da atili ta san zafin da yatsa zai iya jurewa shi ne ma'auni. Akwai wanda sai an dafa an kuma bar shi ya ruɓa da kansa, kamar kalwa, wadda ba ta tauno sai an kwana ana dafa ta, an wanke, an rufe da ganye kwana biyu ko uku ta zama daddawa. Akwai kuma wanda sai wuta kawai. Gwaza ɗanya tana ƙaiƙayin maƙogwaro har mutum ya kasa haɗiyar yawu. Wake ɗanye yana murɗa ciki. Doyar daji mai ɗaci, wadda ake nema a shekarar yunwa, sai an yanka an jiƙa ta a ruwa mai gudu kwanaki kafin a dafa, in ba haka ba tana iya kisa. Na tuna goggona ta kama ni ina gatsar ɗanyen rogo a bayan rumbu. Ta fizge shi ta ce, "Kai yaro, ba kowane rogo ake yi wa haka ba. Wannan mai ɗaci ne, ko akuya ba a ba ta ɓawonsa." Daga baya a makarantar horon malamai na koyi sunan gubar, sayanayid, na kuma karanta labarin cutar konzo da aka fara bayyanawa a Kwango a 1938, wadda ke shanye ƙafafun mutanen da yunwa ko yaƙi suka tilasta musu cin rogo mai ɗaci ba tare da an jiƙa shi yadda ya kamata ba. Goggo ba ta san sunan ba, amma ta san dokar.

Ko kwaɗo, wanda 'yan birni ke nunawa a matsayin hujjar cewa mun gaji cin ɗanyen ganye, idan aka duba rabinsa dafaffe ne. Rama sai an tafasa an zubar da ruwan an matse. Zogale sai an dafa. Haka ɗinkin, wato tohon ɗinya, haka tafasa. Ƙuli-ƙulin da ke ba kwaɗo daɗinsa daga soyayyar gyaɗa yake, kuma shi kansa toya shi aka yi. Ɗanyen da ke ciki shi ne albasa da tumatir da barkono, sai kuma lansir da kabeji, waɗanda su kam ba sa ganin wuta. Hikimar kwaɗo a ganina tana cikin wannan haɗin: dafaffen ganye mai yawa, ɗanye kaɗan mai ɗauke da bitamin C wanda ke taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe da ke cikin ganyen, ga ƙuli mai gina jiki, ga ɗan mai da ke sa bitamin A ya shiga jini.

Nama kuwa gaskiya ne ba a cika cinsa ba. Akuya ta biki ce ko ta makoki, kaza ta baƙo. Amma ƙarancinsa bai zama rashinsa ba. Akwai farautar rani bayan an ƙone daji, akwai gafiya, akwai kifi da ƙaguwa a rafi, akwai shinge da ruwan farko, akwai fara, akwai nonon da matan Fulani ke kawowa ana musaya da hatsi. Waɗannan 'yan ƙananan abubuwa, da ba wanda ke lissafa su, su ne suka riƙa ba mutane bitamin B12, wanda babu shi a ganye ko 'ya'yan itace ko ƙwaya.

Kwandon bakin titi labarinsa gajere ne. Gyaɗa, masara, rogo, tumatir, barkono, gwanda, gwaba, abarba da kashu duk daga nahiyar Amurka suka fito, suka iso gaɓar Afirka ta Yamma a jiragen Turawan Fotugal bayan 1500, sannan suka yi ta tafiya hannu zuwa hannu har suka iso tudu. Mangwaro da zogale 'yan Indiya ne. Jirgin ƙasa da ya mai da Kafanchan mahaɗa a 1927 ya tara ma'aikata daga kudu da arewa, kowa da irin da yake so ya gani a bayan ɗakinsa, mishan da makarantu suka dasa mangwaro da lemo a harabarsu, tudun Jos kuma, saboda sanyinsa da Turawan kuza, ya zama gidan kabeji da karas da latas. Ba na ƙin ko ɗaya daga cikinsu. Mangwaro ya ceci yara da yawa a watannin da rumbu ke yin ƙasa. Abin lura kawai shi ne wanda ya cika faranti da abarba da kabeji ya ce yana cin abincin kakanni, ba nasu yake ci ba.

Ita kanta koyarwar ɗanye zalla tana da nata tarihin, kuma ba a nan ya fara ba. Wajen 1900 wani likita a Zurich ta ƙasar Suwizalan, Maximilian Bircher-Benner, ya riƙa ba majinyatansa ɗanyen tuffa da aka goga aka haɗa da jiƙaƙƙen hatsi da ruwan lemon tsami, a zamanin da Turawan birni ke ganin nama da farin burodi su ne abincin mai hali. Ya yi gaskiya a kan abu mai muhimmanci tun kafin a gano bitamin, amma ko a haɗin nasa akwai madara. Ƙungiyar masu ƙaurace wa duk abin da ya fito daga dabba an kafa ta ne a Ingila a 1944, ƙarƙashin Donald Watson, kuma su suna dafa abincinsu. Haɗa biyun, ba dabba ba wuta, ya yi ƙarfi ne daga baya, musamman a Amurka. Duk wannan amsa ce ga cutar ƙoshi, ta mutanen da abincin gwangwani da sukari suka yi musu yawa. An kuma gwada abin an gani. A Jamus, masana a jami'ar Giessen sun bi mutum fiye da 500 da suka daɗe a kan ɗanyen abinci, suka buga sakamakon a 1999: maza sun rage kimanin kilo 10, mata kimanin kilo 12, kuma kusan kashi 30 cikin 100 na matan da ba su kai shekara 45 ba al'adarsu ta rikice ko ta ɗauke. Waɗannan mutane ne masu kasuwa a cike duk shekara da injin markaɗe a ɗakin girki, ba masu noma da fartanya ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wuta tana farfasa sitacin hatsi da doya yadda hanji zai iya cin moriyarsa, har wani masani na jami'ar Harvard, Richard Wrangham, ya rubuta littafi a 2009 yana cewa girki ne ya ba ɗan Adam ƙarfin da ƙwaƙwalwarsa ta girma da shi. Batun B12 kuma ya fi ba ni tsoro, domin hanta tana ajiye shi na shekaru, sai mutum ya yi ta jin daɗin jikinsa yana yaba sabon tsari, alhali ajiyar tana ƙarewa. Idan ta ƙare sai ƙarancin jini, da jin ƙafa tana dindiris, da mantuwa, jaririn da ke shan nonon uwar da ba ta da shi kuma shi ne ya fi shan wahala. Ƙungiyar ta Ingila da kanta tana gaya wa mabiyanta su riƙa shan ƙwayar wannan bitamin. Wannan na faɗa wa 'yar ƙanena, na ce in ta ƙi nama ta ƙi, amma ta nemi ƙwayar, ta kuma yi sulhu da wake da acca.

Inda na ba ta gaskiya, na ba ta da zuciya ɗaya. Muna kashe ganye da dahuwa. Mata da yawa suna zuba kanwa don miya ta yi kore ta yi yauƙi, su bar ta tana tafasa har abin da ke cikin ganyen na bitamin C da wasu na rukunin B ya lalace. Gishiri da dunƙulen ɗanɗano sun kori daddawa daga tukwane da yawa. Yaron da a da zai cika aljihu da tsada, yau ana ba shi kuɗi ya sayi biskit da lemon kwalba, da dare a dafa masa taliyar leda. Hawan jini da ciwon suga da ake fama da su a gidajenmu ba tuwon dawa da miyar karkashi ne suka kawo su ba. Wanda ya ƙara gauta da gwanda da kunun aya marar sukari a cikin yininsa ya kyauta wa kansa, muddin ya wanke su da ruwa mai tsabta, domin kabejin lambu da aka yi wa ban ruwa da ruwan kwata hanyar taifot da kwalara ce, abin da ɗinyar kan reshe ba ta taɓa jawo wa kowa ba.

Damuwata ta fi karkata ga dajin da ya ciyar da mu. A da ɗorawa tana da mai ita ko da a tsakiyar gonar wani take, kuma mai sassabe yakan kewaye kaɗanya da ɗinya ya bar su tsaye. Yanzu buhunan gawayi ne jere a bakin hanya suna jiran motocin Abuja, kuma masu gawayi sun fi son ice mai nauyi, irin su kaɗanya. Maganin feshi ya sauƙaƙa noma, ba na musu, amma ba ya bambanta ciyawa da miya: lalo da rukuɓu da gasaya da ke fitowa da kansu a tsakanin kunya, waɗanda mace ke tsinka a hanyarta ta komawa gida, sun ɓace daga gonaki da yawa. Tun hare-haren 2014 a Fadan Karshi da ƙauyukan kewaye, iyaye ba sa sakin yara su nutsa daji yadda aka sake mu, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Yaron da bai shiga daji ba ba zai san tsada ba, balle ya san wace doya ce ke kisa. A shekarun ƙarshe na koyarwata nakan kawo 'ya'yan itatuwan daji aji in ce a faɗi sunayensu, da Hausa ko da Numana ko da Ninzo, duk wanda yaro ya iya. Ɗorawa da ɗinya sukan samu masu amsawa. Ciwo da taura kuwa sau da yawa sai ɗan da ke zuwa daga ƙauye mai nisa.

Dasa sababbi ba ya zuwa da sauƙi, kuma na san dalili tunda na yi renon iri a lambun makaranta. Mangwaron aure yana fara 'ya'ya cikin shekara 3 ko 4, kashu ma haka, kuma akwai mai saye a bakin titi. Ɗorawa takan kai wajen shekara 10 kafin ta ba da abin kirki, kaɗanya kuwa 15 zuwa 20. Shi ya sa kusan ba wanda ke shuka su. Duk kaɗanya da ɗorawar da ke tsaye a gonakin Gwantu yau, wani manomi ne ya gan ta tana ƙarama ya ɗauke fartanyarsa ya bar ta, shekaru 40 ko 60 da suka wuce. Idan ka zaga gonakin da ake yi wa feshi ana kuma nome su kowace shekara ba hutu, za ka ga manyan suna nan jefi-jefi, amma ƙananan da za su gaje su babu.